Harafi Ɗaya a Jinin Gidanmu

Tun ina makarantar sakandare na san cewa ni AS ne, wato ina ɗauke da rabin gadon sikila ba tare da ta taɓa kwantar da ni ba, kuma tun a lokacin na haddace ƙa'idar da kowane Bahaushe mai ɗan karatu ya haddace, daga Kano har Shara Mansur ta Makka, cewa mai AS ya nemi mai AA, shi ke nan magana ta ƙare. Saboda haka ranar da Baffa, ƙanin mahaifina, ya ba ni 'yarsa, ban kawo komai a raina game da jini ba, domin an taɓa yi mata gwajin sikila tana yarinya aka ce ba ta da ita, kuma takardar tana nan cikin jakar Inna, mahaifiyarta, an naɗe ta a leda tare da katin rigakafi.

Mu haifaffun Makka ne. Kakanmu ya baro ƙasar Kano da ƙafa, ya yi shekaru yana aikin auduga a Jazira ta Sudan har ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya ƙetaro Bahar Maliya zuwa Jidda, bai kuma koma ba. A gida Hausa muke yi, a waje Larabci, dokar ƙasa kuwa tana kanmu kamar kowa. Tun 2004 ma'azun, wato malamin da hukuma ta ba izinin ɗaura aure, ba ya rubuta aure sai an kawo masa shaidar gwajin sikila da talasimiya, wani ciwon ƙarancin jini da ake gada, sannan a 2008 aka ƙara da ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu, B da C. Dalilin a fili yake, don kuwa fiye da rabin auren ƙasar nan na zumunci ne, ga kuma sikila da ta yi yawa a Ƙaɗif da Ahsa ta gabas da Jizan ta kudu. A kan sikila da talasimiya dokar ba ta hana kowa aure, abin da ta tilasta shi ne a sani kafin a ɗaura.

Na kama mana lokaci ta manhajar Sehhaty, muka je da ƙaninta a matsayin ɗan rakiya, aka ɗebi jini, muka dawo muka ci gaba da lissafin kayan lefe. Bayan 'yan kwanaki sai aka kira ni aka ce mu zo ɗakin ba da shawara mu biyu tare. Wanda duk ya taɓa zuwa asibiti ya san cewa ba a kiran mutum don a gaya masa lafiyarsa ƙalau.

Likitar ta ajiye takardu biyu a gabanmu, kowace da zanen wasu tsaunuka ƙanana da manya. Ta ce injin da ake amfani da shi yanzu yana rarrabe ire-iren himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jan jini, yana kuma faɗin kason kowanne cikin ɗari. Nawa bai zo da sabon labari ba, A ya fi yawa, S bai kai 40 ba, kamar yadda aka saba gani ga mai AS. Nata kuwa babu S ko ɗigo, sai dai wani ƙaramin tsauni da ake kira A2, wanda ga mai lafiya ba ya wuce 3.5, nata ya haura 5, sannan ƙwayoyin jan jininta ƙanana ne, ma'auninsu ya gaza 80 da ake nema. Waɗannan alamu biyu, in ji likitar, suna nuna tana ɗauke da rabin gadon talasimiyar beta. Na ce, “Amma likita, ai AA ce, takardarta tana nan.” Ta ce takardar ba ta yi ƙarya ba, tambaya ɗaya aka yi mata, ko akwai S, ta kuma amsa gaskiya, sai dai ba ita kaɗai ce tambayar da ya kamata a yi ba.

Sai a ranar na fahimci abin da ƙa'idar da na haddace ta bari a baya. Sikila da talasimiyar beta duk a wuri guda suke, a ƙwayar gado ɗaya mai suna HBB da ke kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshin gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki, kuma kowane mutum kwafi biyu yake da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A sikila kwafin yana ƙera himoglobin mai aibi, a talasimiya kuma yana ƙera mai kyau amma kaɗan, ko ma ya ƙi ƙerawa sam. Idan yaro ya ɗauko S daga wurina, ya ɗauko rarraunan kwafi daga wurinta, to ba shi da cikakken kwafin da zai rufa wa S asiri, sai ya tashi da wani nau'in sikila ko da yake uwarsa ba ta da S. Yiwuwar hakan ɗaya ce cikin huɗu a kowane ciki, kuma likitar ta nanata cewa kowane ciki da nasa lissafin, ba wai idan an haifi ɗaya mai ciwo ukun da ke biye sun tsira ba. Game da tsananin ciwon kuwa ta ce ba za ta iya cewa komai ba tukuna, domin an san sauye-sauye fiye da 200 da ke kawo talasimiyar beta, wasu suna kashe kwafin ɗungurungum, wanda haɗuwarsu da S ba ta da maraba da SS, wasu kuma ragewa kawai suke yi. Injin da ke auna himoglobin ba ya bambance su. Sai an je an karanta DNA ɗin kanta, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki.

Kafin mu kai ga karatun, mutanen gida sun riga sun yi nasu. Kakar yarinyar ta wajen uwa mutuniyar Jizan ce, don haka ba a kwana biyu ba magana ta zagaya cewa ciwon Larabawa ne ya shigo ta ɗakin Inna. Goggo, yayar su Baffa, ta faɗa a gaban mutane cewa mu dai a zuriyarmu ba a san wannan abu ba. Inna ba ta tanka ba, amma ta daina zuwa gidanmu shan shayin la'asar, kuma wannan ya fi tankawa ciwo. Baffa ne ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce, “Ɗana, kada ka yanke komai a kan zato. Tunda sun ce akwai gwajin da ya fi wannan, ku je ku yi, ni zan biya.”

Muka hau jirgin ƙasa na Haramaini zuwa Jidda, inda aka tura mu wurin wata mai ba da shawara kan cututtukan gado. Ban yi zaton za a fara da takarda da fensir ba, amma da su aka fara. Ta zana bishiyar danginmu har zuriya uku, namiji murabba'i, mace da'ira, ta haɗa ni da yarinyar da layi biyu, alamar auren zumunci, sannan ta bi kowane reshe da tambaya, wa aka taɓa ƙara wa jini, wa ya yi shawara mai yawan dawowa, wane yaro ne ya rasu yana ƙarami, wa ke fama da ciwon ƙashi. Na ce babu kowa, sai dai Yaya, babbar yayata, da ke da sanyin ƙashi tun muna yara, musamman idan ta sha wahala ko sanyi ya shigo, kuma kowa ya san sanyi ne kawai. Ba ta ce komai ba, ta dai sa ɗan ɗigo a cikin da'irar Yaya. Bayan haka muka sa hannu a takardar amincewa, wadda ta bayyana abin da za a duba, da wanda zai ga sakamakon, da abin da za a yi da ragowar jinin.

Wanda ya ɗebi jinin ya ji muna Hausa sai ya yi mana sallama da Hausa, ashe Bahaushen Sudan ne daga Mai Wurno, kusa da Sennar. Ya cika ƙananan kwalabe masu murfi ruwan hoda mai duhu, ya jujjuya su a hankali don maganin da ke ciki ya hana jinin daskarewa, kuma da na dame shi da tambaya sai ya tsaya ya yi mini bayanin da har yau nake jin daɗinsa. Ya ce abin mamaki shi ne ciwon na jan jini ne, amma ba daga jan jini ake samun amsar ba, domin jar ƙwayar da ta balaga ba ta da cibiyar da DNA ke zaune, sai a fasa fararen ƙwayoyi a tace ta daga cikinsu. DNA rubutu ce da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kuma kundin mutum ɗaya ya kai haruffa biliyan 3, alhali shafin da ake nema, wato HBB, bai fi haruffa 1,600 da 'yan kai ba. Don a iya karanta wannan ɗan shafi sai an ninka shi, kuma aikin PCR ke nan, wanda duk wanda ya yi tafiya a zamanin korona ya san sunansa ko da bai san ma'anarsa ba. Ana ɗumama ruwan zuwa kusan digiri 95 har igiyoyin DNA biyu su rabu, a sassauta zafi wasu gajerun alamomi su manne a farko da ƙarshen shafin, sannan wani sinadari mai jure zafi, wanda asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi a Amurka, ya kwafe abin da ke tsakani. Kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu, zagaye 30 kuwa ya kai kwafi kusan biliyan guda.

Da na koma gida na ci gaba da bincike, sai na tarar cewa wannan ciwo namu, da muke ɗauka na talakawan Afirka ne da ba wanda ya damu da su, shi ne ya yi wa kimiyyar gado jagora a matakai da dama. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa himoglobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane, a 1956 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin tubali ɗaya ne tak a cikin sinadarin, daga baya aka san cewa harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG. Hatta rahoton farko da aka buga kan amfani da PCR, a 1985, a kan gano sikila ne. Na daɗe ina mamakin yadda ciwon da aka san sirrinsa tun kafin a haifi mahaifiyata har yanzu ake kiransa sanyi a gidajenmu.

Da yake mu 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma irinmu sukan yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu, an ba mu shawarar ƙarin gwaji mai faɗi da sababbin injunan da ke karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda, domin a duba ko akwai wani ɓoyayyen ciwo da muka gada tare daga kaka ɗaya. Aikin karanta kundin ɗan Adam na farko, wanda aka kammala a 2003, ya ci shekaru 13 da dala kusan biliyan 3, yau kuwa ana karanta na mutum guda cikin kwanaki da ƙasa da dala 1,000, kuma Saudiyya ma ta ƙaddamar da nata shirin tattara kundin gadon 'yan ƙasa tun 2013. An gargaɗe mu tun farko cewa za a iya ganin sauye-sauyen da ba wanda ya san ko suna da illa, kuma hakan ya fi faruwa ga masu jinin Afirka, saboda yawancin bayanan da ake kwatantawa da su na Turawa ne. Haka kuwa aka yi, an ga guda biyu irin waɗannan a wurina, babu ko ɗaya a cikinsu da ita ma take da shi, aka ce in manta da su. Ban ce mantawar ta zo da sauƙi ba.

Babban sakamakon ya fito bayan mako uku da 'yan kwanaki. Mai ba da shawarar ta juyo mana da fuskar kwamfuta, sai ga jerin ƙananan tsaunuka masu launi huɗu, kore na A, shuɗi na C, baƙi na G, ja na T, kowane harafi da tsauninsa shi kaɗai, tsaf kamar layin sallah. Ta ja hoton a hankali har ta kai wani wuri, ta ɗora bakin alƙalami a kai. A nan tsauni biyu ne suka hau juna, kore da baƙi, kowanne rabin tsayin maƙwabtansa, domin kwafi ɗaya yana cewa A, ɗayan yana cewa G. Wurin yana haruffa 29 kafin inda ake fara karanta HBB, a daidai inda na'urar ƙwayar halitta ke dafawa kafin ta soma aiki, don haka sauyin bai lalata saƙon ba, ya dai sa ana karanta shi da ƙyar. Wannan, in ji ta, yana cikin masu sauƙi, kwafin yana ci gaba da ba da himoglobin A gwargwado, kuma yaron da ya haɗa shi da S yawanci ciwonsa bai kai na SS ba, ko da yake ta ƙi yarda in kira shi lafiya. Sannan ta ƙara da abin da ya sa yarinyar ta ɗago kai a karo na farko, cewa wannan sauyi an fi saninsa a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu da ke Amurka, ba ya cikin waɗanda aka saba gani a wurin Larabawan ƙasar nan. Ta nemi a kawo iyayen yarinyar, ta kuma ciro bishiyar nan ta nuna ɗigon da ta sa, ta ce tana so ta ga Yaya.

Na Inna ya fito babu komai. A jinin Baffa aka ga kore da baƙin. Na Yaya kuwa ko DNA ba a kai ga karantawa ba injin himoglobin ya tona, domin S ɗinta ya ninka A fiye da sau biyu, akasin abin da ake gani ga mai AS, daga baya kuma karatun ya tabbatar da cewa ta ɗauko S daga Hajiyarmu, ta ɗauko harafin nan daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya koma ga Mahaliccinsa bai san yana ɗauke da komai ba. Yaya ta yi aure a 2001, shekara uku kafin dokar gwaji, ta haifi 'ya'ya huɗu da wahalar da kowa ya danganta da ƙaramin jiki, ta sha jiƙo da man zafi da ƙaho iri-iri, ta kai shekara 42 kafin wani ya faɗa mata sunan abin da ke damunta. Da aka gaya mata ta yi shiru, can ta dube ni ta ce, “Ashe dai ba raki nake yi ba.” An tura ta hoton ƙugu da duban bayan ido, domin irin wannan sikila mai sauƙi takan ci kan ƙashin cinya da jijiyoyin ido a ɓoye, kuma an sami alamar lalacewa a ƙugun hagu, wanda ake lura da shi yanzu. An kuma hana ta abin da ta saba yi, wato ɗawafi da rana tsaka a zafin Makka ba tare da gorar ruwa ba. Goggo da kanta ta ɗauki turare ta kai wa Inna, ba ta ce don me ba, Inna ma ba ta tambaya ba.

Duk wannan bai yanke mana hukunci ba, ya dai sa mun san abin da muke yanke hukunci a kansa, kuma yanzu ba lissafin ɗaya cikin huɗu kaɗai nake gani ba, ina ganin Yaya, da ranakun da take tafiyar da gidanta kamar kowa, da dararen da take murƙususu. An shimfiɗa mana hanyoyin da ake da su. Muna iya fasawa, kuma ba wanda zai zarge mu. Muna iya yin aure mu gwada kowane jariri da wuri, a fara masa rigakafi da kulawa tun kafin ciwo ya nuna. Akwai gwajin ɗan tayi ta hanyar ɗibar ɗan yanki na mabiyiya a ƙarshen wata na uku, sai dai fatawar da majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta bayar a Makka a 1990, wadda ta halatta zubar da ciki kafin kwana 120, ta shafi mummunar naƙasa ce da kwamitin likitoci ya tabbatar ba ta da magani, kuma ni da ita ba mu ga yadda za a sa rayuwa irin ta Yaya a wannan layi ba. Na tambaya game da Casgevy, maganin gyaran DNA da Ingila ta amince da shi a ƙarshen 2023, Saudiyya ma ta bi baya ba da jimawa ba, wanda ke farfaɗo da himoglobin na jarirai don ya maye gurbin mai aibi, aka ce mini wannan na masu tsananin ciwo ne, yana buƙatar a ƙone ɓargo da magani mai ƙarfi tukuna, kuma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2.

Hanyar da muka zaɓa, bayan istihara da shawarar wani malami da Baffa ya yarda da shi, ita ce a haɗa ƙwan mata da maniyyin miji a ɗakin gwaji, a bar su kwana biyar, a ciri 'yan ƙwayoyi kaɗan daga kowane ɗan tayi a karanta HBB, sannan a mayar da wanda bai haɗa biyun ba cikin mahaifa. Hanya ce mai tsada da allurai da jira, ba a kuma ba mu tabbacin za a dace a karon farko ba, kuma nauyinta kusan duka a jikinta yake, shi ya sa na bar mata kalmar ƙarshe. An ɗaura auren a watan Shawwal. Kafin a fara, ɗakin gwajin ya nemi samfuri daga Hajiya da Baffa da Inna, domin DNA ɗin da ake samu daga 'yan ƙwayoyin ɗan tayi kaɗan ce ƙwarai, wani lokaci kwafi ɗaya yakan ƙi fitowa, don haka sai a bi sawun alamomin da ke kewaye da harafin a cikin dangi a tabbatar da wane kwafi ɗan tayin ya ɗauka. Baffa ya zauna a kujera da farar jallabiyarsa, ya buɗe baki aka goga auduga a cikin kumatunsa, yana gamawa ya tambayi ma'aikacin ko shi ke nan, don shi ya zo da shirin a cika kwalba.

A daren nan ya sa na yi saƙon murya da Hausa zuwa zauren danginmu na WhatsApp, wanda ya haɗa mu da jikokin ƙannen kakanmu da ke Kano da Wad Madani, na bayyana harafin da aka gani da wanda ya kamata ya je gwaji. Wata 'yar'uwarmu da ake shirin bikinta a Kano ta fara amsawa, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, amma ita ba ta da matsala, AA ce, angon ne AS, har ta turo hoton takardarta. Na buɗe hoton na duba daga sama har ƙasa, babu layin A2, babu ma'aunin girman ƙwayar jini, haruffa biyu ne kawai da hatimi. Na kira mahaifinta tun kafin gari ya waye a can.